Gadon da Ake Shaƙa: Sharhi a kan Lungun Masu Alewa na Kawagoe

A shekarar 2001, Ma'aikatar Kula da Muhalli ta ƙasar Japan ta fitar da wani jeri wanda da wuya a sami irinsa a wata ƙasa: wurare ɗari da aka zaɓa saboda ƙamshinsu. A cikin jerin akwai gonakin furen lavanda na Furano a tsibirin Hokkaido, akwai unguwar Kanda ta birnin Tokyo inda masu sayar da tsofaffin littattafai suka taru har iskar wurin ta ɗauki warin tsohuwar takarda, akwai kuma hayaƙin gasasshen nama na Tsuruhashi a birnin Osaka. Daga cikin waɗanda suka sami shiga har da wani ɗan gajeren lungu mai lanƙwasa a garin Kawagoe, wanda masu garin ke kira Kashiya Yokocho, wato Lungun Masu Alewa. Duk wanda ya saba ganin ana auna gadon al'ada da tsayin hasumiya ko kaurin ganuwa, ya cancanci ya tsaya ya dubi wannan hukunci, domin akwai hikima a cikinsa, akwai kuma abin da ya rufe wanda bai kamata a bar shi a rufe ba.

Kawagoe na cikin jihar Saitama, kimanin kilomita 30 arewa maso yamma da tsakiyar Tokyo, tafiyar rabin awa a jirgin ƙasa daga tashar Ikebukuro. Ana yi masa kirari da «Ƙaramar Edo», kasancewar Edo shi ne tsohon sunan Tokyo, kuma a da jiragen ruwa na bin kogin Shingashi suna kai wa babban birnin kayan abinci daga nan. Baƙon da ya nufi lungun sai ya fara ratsa babban titin fatake, inda manyan gidajen ajiya masu baƙaƙen bangaye suke jere. Waɗannan gidaje tsoro ne ya gina su. A 1893 gobara ta cinye kusan sulusin garin, sai attajirai suka lura cewa gine-ginen da ke da kaurin bangon laka ne suka tsira, irin gidan iyalin Osawa da aka gina tun 1792, don haka suka sake gina shagunansu da laka shafe bisa shafe, da tagogi masu nauyi kamar ƙofar asusu. A 1999 gwamnati ta sanya unguwar cikin yankunan gine-ginen gargajiya da doka ke karewa. A tsakiyarta hasumiyar ƙararrawa take, wadda aka sake ginawa a 1894, tana bugawa sau huɗu a yini: ƙarfe shida na safe, tsakar rana, ƙarfe uku, da shida na yamma. Ita ma tun 1996 an shigar da amonta cikin jerin sautuka ɗari na ƙasar, har ya zama Kawagoe na da rajista ta kunne da ta hanci.

Daga wannan titi na masu hali, mintuna kaɗan ne a ƙafa zuwa lungun, amma kamar an sauka ne daga bene zuwa tsakar gida. Rufin shaguna ya yi ƙasa, katako ya maye gurbin baƙar laka, ƙofofi a buɗe, kaya sun fito har bakin hanya cikin kwalabe da akwatuna. Hanyar daɓen duwatsu ce, an daddasa mata gutsattsarin gilashi masu launi don su yi kama da alewar da ta zube. Kafin ido ya gama rarrabe abin da ke gabansa hanci ya riga ya fara aiki: kirfa, na'ana'a, sukari a kan wuta, da ƙaurin miyar waken soya da ake shafa wa curin shinkafa a bisa garwashi. Shagunan da suka rage ba su wuce ashirin zuwa talatin ba.

Kafin a yi wa wurin hukunci, wajibi ne a san irin zaƙin da ake sayarwa a cikinsa, domin Japanawa ba su haɗa kayan zaƙi cikin kwarya ɗaya ba. Akwai na manya, wanda ake kira jogashi: ana yin sa da farin sukari da niƙaƙƙen wake, a sassaƙa shi da siffar furen da ke tohuwa a wannan wata ko ganyen da ke faɗuwa, a raɗa masa suna mai ɗauke da ishara, a ci shi a zaman shan shayi na gargajiya. Wannan shi ne zaƙin Kyoto da na fada, irin na gidan Toraya wanda ya yi ƙarnuka yana yi wa gidan sarauta hidima, ya bi sarki zuwa Tokyo a 1869, ya kuma buɗe reshe a birnin Paris a 1980. Sannan akwai dagashi. Kalmar kanta ba yabo ba ce, domin gaɓar farko tana nufin abu maras daraja, abin ƙasa-ƙasa. A zamanin Edo farin sukari kayan tsada ne, an daɗe ana shigo da shi ta tashar ruwan Nagasaki, saboda haka talaka sai ya koma ga abin da hannunsa ke kaiwa: hatsi, wake, baƙin sukari irin mazarƙwaila, da mizuame, wani maɗi mai yauƙi da ake samu idan aka dafa shinkafa da tsiron sha'ir. Har ana yi wa irin wannan zaƙi laƙabi da sunan mafi ƙanƙantar kuɗin lokacin, abin da Bahaushe zai kira alewar anini. Lungun Kawagoe gidan alewar anini ne, kuma duk wani yabo da ya manta da haka ya yabi wani wuri ne dabam.

Ana danganta farkonsa ga wani mutum mai suna Suzuki Tozaemon, wanda ya kafa tukunyarsa a unguwar da ke ƙofar wurin ibadar Buddha na Yoju-in, inda masu ziyara ke wucewa. Yadda shago ɗaya ya zama lungu guda ya samo asali ne daga wata al'adar fataken Japan: idan yaron shago ya yi shekaru yana bauta har hannunsa ya faɗa, maigida kan yaye shi, ya ba shi izinin rataya labule irin na gidan a ƙofar nasa shagon. Suna kiran wannan «raba labule». Ta haka yaran gida suka zama maƙwabtan maigida. Amma abin da ya ɗaukaka lungun masifa ce ta wasu. Ranar 1 ga Satumba 1923 girgizar ƙasa da gobarar da ta biyo ta suka rushe Tokyo da Yokohama, mutane fiye da dubu ɗari suka halaka, unguwannin masu sarin alewa na babban birnin suka ƙone. Kawagoe ya tsira, sai dillalai suka karkato gare shi. Cikin ƴan shekaru shaguna suka haura saba'in, suna dafawa, suna ƙullawa, suna aikawa sassan ƙasa. Faɗuwar wani tashin wani, in ji masu iya magana.

Wannan tarihi yana da muhimmanci domin ya saɓa da hoton da ake tallata wa baƙi. Kashiya Yokocho na wancan lokaci ma'aikata ce da wurin sari, wurin zufa da hayaƙi da lodin kaya, inda yaran da aka fi gani su ne masu koyon sana'a. Shagon da dattijon Bajapane ke tunawa idan ya shigo lungun a yau wani abu ne dabam: ɗan shagon unguwarsu ne kusa da makaranta, wanda galibi wata tsohuwa ke tsaro, inda tsakanin shekarun 1950 da 1970 yara ke taruwa bayan an tashi, kowa da tsabarsa a tafin hannu. A can yaro ke fara koyon lissafi na gaskiya, wanda kuskure a cikinsa ke jawo rashin alewa. A can yake jan ƙuri'a ya ci ko ya faɗi, ya koyi jiran layi, ya koyi cin bashi da biya. Malaman makaranta ma sun shigo cikin sha'anin, domin sananniyar al'ada ce a ƙayyade wa ɗalibai kuɗin abin taɓawa idan za a fita yawon buɗe ido, misali kada ya wuce yen 300, sai a ga yaro ya yi rabin awa gaban kwalabe yana tarawa yana ɗebewa. Lungun Kawagoe ya ari wannan begen ne ya yafa, alhali shi a zamaninsa mai kai wa irin waɗancan shaguna kaya ne. Ba laifi ba ne, kasuwa ce. Sai dai mai nazari bai kamata ya sayi labarin tare da alewar ba.

Abin da ya cancanci yabo ba tare da ja da baya ba shi ne aikin hannu da ya rage a ƴan tsirarun shaguna, inda ta bayan gilashi ake iya kallon masu dafawa. Ana tafasa sukari da maɗin shinkafa har ruwan ya tsane, a juye a bisa faranti mai sanyi, a riƙa naɗewa daga gefe zuwa tsakiya. Wani kaso a ja shi a ninka, a ja a ninka, har iska ta shige shi ya tashi daga launin zuma ya koma fari mai sheƙi; duk wanda ya taɓa tsayawa gaban mai jan alewa a kasuwannin ƙasar Hausa zai gane wannan motsin hannu nan take. Inda aikin ya bambanta shi ne abin da ke biyo baya. Ana rina sauran kason launi-launi, a mulmula su sanduna, a jera wannan bisa wancan cikin tsari wanda mai kallo ba ya gane kansa, har a sami gungume mai kaurin cinya. Sai mutum biyu ko uku su kama shi, suna mirginawa suna ja, har ya sirance ya koma kamar yatsa, a sassara shi gutsi-gutsi. A fuskar kowane gutsi sai ga fure ko yankin lemo, cikakke, iri ɗaya daga farkon sandar har ƙarshenta. Duk wannan tilas a gama shi kafin alewar ta huce, domin da ta sandare babu gyara. Mai aikin ba ya ganin zanensa sai bayan an yanka. Yana gina shi ne a cikin kansa, da girman da ya ninka na ƙarshe sau da yawa, yana kuma lissafin yadda kowane launi zai miƙe. Wannan fasaha ba ta gaza ta mai sassaƙa furen wake na Kyoto ba, illa dai ita ana sayar da ita a leda.

A nan ne hikimar jerin 2001 ta bayyana. Gini ana iya kare shi da doka ko da mai shi ya mutu, ƴaƴansa sun koma birni. A yi masa fenti, a kafa allo a ƙofa, a sa mai gadi. Ƙamshi ba ya karɓar wannan. Ranar da aka daina hura wuta a ƙarƙashin tukunya, a ranar yake ɓacewa. Saboda haka hukumar da ta ce ƙamshin kirfa da na'ana'a na wani lungu dukiyar ƙasa ce, ko ta sani ko ba ta sani ba, ta ce ne sana'ar da ke haifar da shi dukiya ce, da mutanen da ke yin ta. Abin lura kuma, ma'aikatar muhalli ce ta yi wannan, wadda aikinta na yau da kullum game da iska shi ne sauraron koke-koken wari, a ƙasar da ke da dokar hana wari tun 1971. Ma'aikatan da suka saba auna ɗoyi su ne suka fara tunanin cewa unguwa na iya samun ƙamshin da ya cancanci a yi masa suna.

Sai dai jerin girmamawa ce kawai, ba ya ɗaure kowa, kuma hanci abokin da ake saurin ruɗa ne. Mai ziyarar da ya duba da kyau zai ga cewa kaso mai yawa na abin da ke cikin akwatunan bakin hanya kayan manyan masana'antu ne, cikin leda mai zane-zane, irin wanda ake samu a ko'ina cikin ƙasar. Mafi shahara shi ne Umaibo, sandar masara mai kumfa da ta fito a 1979 a kan yen 10, ta riƙe wannan farashi har shekara arba'in da biyu kafin ta koma yen 12 a 2022, sannan 15 a 2024. Shi ma yana da nasa tarihin, kuma yaran da suka tashi da shi sun zama iyaye; amma ba a lungun ake yin sa ba, kuma leda ba ta ƙamshi. Akwai kuma fugashi, wanda ya zama tambarin wurin: danƙon alkama ne da aka gasa har ya kumbura, aka shafe shi da baƙin sukari. Tsohon abinci ne na gaskiya, amma na Kawagoe an miƙe shi ya kusa mita guda, baƙi na yawo da shi a kafaɗa kamar sandar makiyayi. Nauyinsa bai kai na takarda ba, kuma a fili yake cewa an yi wannan tsayi ne domin hoto, tunda babu bakin da ya roƙe shi.

Dankali ya fi su hujja. Tun ƙarni na 18 ƙauyukan da ke kewaye da Kawagoe suka yi suna wajen nomansa, masu gasa dankali na Edo kuma suka ƙaga masa talla ta wasa da harshe. Akwai wani ɗan itace mai daɗi da ake kira kuri, kalmar da kuma ke iya nufin zango tara. Kalmar da ke nufin «fiye da» ita ma tana iya nufin zango huɗu. Tara da huɗu sha uku, sai dankali ya zama «zango sha uku», wato wanda ya fi kuri daɗi, kuma aka ce kusan nisan Kawagoe ke nan daga Edo. Har yau garin na bikin ranar dankali a 13 ga Oktoba. To amma daga gasasshen dankali da wanda aka yanyanka aka soya aka shafa wa sukari, an kai ga sanya shi cikin kowane abu da za a iya riƙewa a hannu ana tafiya, har da ƙanƙarar madara mai launin shuɗi-ja. Garin da ya karɓi baƙi fiye da miliyan bakwai a 2019, bayan wasan kwaikwayon talabijin na safe mai suna Tsubasa ya ƙara fito da shi a 2009, ba zai rasa masu biyan buƙatar mai sauri ba. Matsalar ita ce mai sauri ba ya tsayawa gaban gilashi ya jira sukari ya tafasa.

Akwai kuma rashin da ba laifin kowa ba ne a lungun. An haifi jarirai fiye da miliyan biyu a Japan a 1973. A 2024 ba su kai dubu ɗari bakwai ba. Shagunan da ba sa rufewa dare da rana, waɗanda suka fara yaɗuwa a shekarun 1970 har suka haura dubu hamsin, sun ɗauke cinikin tsohuwar unguwa, kuma a cikinsu babu mai ce wa yaro ya sake ƙirga canjinsa. Zaƙin yara ya zama abin da manya ke saya don tuna lokacin da suke yara. Ana dai kawo ɗalibai lungun rukuni-rukuni tare da malamansu, abin sha'awa ne kuma a ga suna lissafi da yatsu. Amma yaron da aka kawo a mota sau ɗaya a shekara baƙo ne, ba ɗan unguwa ba.

Abu na ƙarshe da ƙamshin ke rufewa ya fi waɗannan nauyi, kuma ba kasafai tallar yawon buɗe ido ke ambatonsa ba. Baƙin sukarin da ya zaƙaƙa bakin talakan Edo, da yawansa daga tsibiran kudu ya fito, musamman Amami, inda masarautar Satsuma ta tilasta wa mazauna noman rake, ta hana su sayar wa kowa sai ita, ta ƙara matsa musu a ƙarni na 19 har ana tuna zamanin da sunan «jahannamar baƙin sukari». Daga baya, arhar sukarin da ta sa tukwane saba'in suka iya tafasa a lungu ɗaya tana da alaƙa da Taiwan, wadda Japan ta mallaka daga 1895 zuwa 1945 ta mai da ita gonar rakenta. Alewar anini ta yi arha ne domin wani a nesa ya biya cikon. Masu karatun da ƙasarsu ta san noman gyaɗa domin matatun man wata ƙasa ba sa buƙatar a yi musu dogon bayani. Faɗin wannan ba zai rage wa mai jan alewa daraja ba. Zai dai mai da lungun cikin tarihi, ya fitar da shi daga tatsuniya.

Hukumomin al'adu na Japan sun ci gaba da faɗaɗa ma'anar gado. A 2013 UNESCO ta karɓi al'adar abincin Japan, a 2016 ta karɓi bukukuwan jan amalanken ado, har da na Kawagoe kansa, a 2022 kuma gwamnati ta yi rajistar fasahar sassaƙa zaƙin wake mai ɗauke da suna a matsayin dukiyar al'ada. Wato zaƙin manya ya sami takardarsa a ofishin al'adu, da sunan fasaha. Shaharar alewar lungun kuwa har yanzu a kan ƙamshi ta rataya, kamar dai an yarda a shaƙi aikin talaka amma ba a kai ga kiran sa gwaninta ba. Tsohon bambancin jogashi da dagashi bai mutu ba, ya sauya ofis ne kawai.

A watan Yuni na 2015 gobara ta tashi a cikin lungun ta ƙone gine-gine da dama, a garin da ya yi suna da gidajen da wuta ba ta ci. Su masu alewa dama ba su taɓa samun kuɗin bangon laka ba. An sake gini, an sake buɗewa, kuma katakon wasu shagunan da baƙi ke ɗauka wa hoto a matsayin tsohuwar Japan bai girmi ɗan makarantar firamare da yawa ba. Babu wanda ya ce lungun ya rasa matsayinsa saboda haka, tunda tun farko ba katakon aka rubuta ba. Galibin shagunan kan rufe tun kafin ƙararrawar ƙarfe shida ta buga, sai motocin baƙi su koma Tokyo, a shigar da kwalabe ciki, a share daɓen. Abin da ke saura a iska a wannan sa'a ya danganta ne da yawan tukwanen da aka ɗora a ranar.